Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Zaidu Ya Bugi Amru

A makon jiya na tsaya ne a inda Malam ya amince in shiga cikin ɗalibansa na bayan sallar isha'i. A lokacin ina karanta Alƙur'ani ba gargada, na haddace izu masu ɗan dama, kuma ina da wani ƙaramin littafi da nake tara kalmomin Larabci da ma'anoninsu a ciki. Malam ya karɓa ya dudduba, ya sa mini albarka, sannan ya ce in ajiye shi tukuna. Ya ce kalmomi za su zo da kansu in ana karatu, abin da ba ya zuwa sai an zauna masa shi ne wasalin ƙarshen kalma.

Da Ajurrumiyya muka fara, kamar yadda ɗaliban nahawu suka saba farawa shekaru aru-aru. Ɗan littafi ne da bai kai kaurin yatsa ba, wani malamin birnin Fas da ke Maroko, Ibnu Ajurrum, ya rubuta shi, ya rasu a shekara ta 723 bayan Hijira. Darasin farko mai sauƙi ne: zance kashi uku ne, suna da aiki da harafi. Daga nan sai i'irabi, wato sauyawar ƙarshen kalma gwargwadon matsayinta a jimla, da rabe-rabensa huɗu, raf'u da nasbu da hafdu da jazmu, kowanne da alamominsa. A nan ne fuskoki suka fara canzawa. Mun zo ne don mu fahimci maganar Allah, sai ga mu dare bayan dare muna maimaita "daraba Zaidun Amran", wato Zaidu ya bugi Amru. Akwai wani dattijo a cikinmu da ya yi ritaya daga aiki, mutum mai barkwanci. Wani dare ya ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, wai shin me Amru ya yi wa Zaidu ne haka, kullum duka, kuma babu mai rabon faɗa?" Har Malam sai da ya yi dariya. Cikin watannin farko an samu waɗanda suka daina zuwa, kuma ban ga laifinsu sosai ba, domin wanda ya wuni wurin neman halali, zama a kan Zaidu da Amru da dare ba ƙaramin haƙuri yake so ba.

Amfanin wannan duka ya bayyana ne ranar da Malam ya juya jimlar ya rubuta "daraba Amran Zaidun", ya tambaye mu wa ya yi dukan. Mu da Hausa muka tashi, wanda ya zo a farko shi ne mai aiki, don haka da yawa suka ce Amru. Malam ya ce har yanzu Zaidu ne, saboda rufu'ar tana kansa, fatahar kuma tana kan Amru. Balarabe yana iya gabatar da wanda ya so, ya jinkirta wanda ya so, wasalin ƙarshe ne ke nuna mai aiki da wanda aka yi wa. Bai bari mun huta ba ya ce a buɗe Suratu Faɗir, aya ta 28: "Innama yakhshallaha min ibadihil ulama'u." Sunan Allah ya zo a farko amma da fataha, malamai sun zo a ƙarshe da rufu'a. Ke nan malamai ne masu tsoron Allah. Da wani zai musanya wasullan nan biyu, da ya faɗi maganar da ba ta ko faɗuwa. Haka ma aya ta 124 a Baƙara, inda sunan Annabi Ibrahim ya gabata da fataha, "Rabbuhu" ya biyo da rufu'a: Ubangiji ne ya jarrabi Ibrahim. Na sha karanta ayoyin nan daidai, domin haka aka biya mini su, amma sai a daren na san dalilin da ya sa malamin karatu ba ya ɗaga ƙafa a kan wasali ɗaya.

Malam ya ba mu labarin da malaman nahawu ke ruwaitowa game da asalin wannan ilimi. An ce wani ya karanta aya ta 3 a Suratut Tauba, maimakon "wa rasuluhu" sai ya ce "wa rasulihi", ma'ana ta koma cewa Allah ya barranta daga mushrikai da kuma Manzonsa, wa'iyazu billahi. Irin wannan kuskure, da ya yawaita bayan Musulunci ya shiga ƙasashen da ba na Larabawa ba, shi ya sa Abul Aswad Addu'ali na Basra ya sa ɗigo-ɗigo a kan haruffa don nuna wasali: ɗigo a sama fataha, a ƙasa kisira, a gaban harafi rufu'a. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Ashe tun farko saboda irinmu aka gina nahawu, mu da ba mu sha Larabci a nono ba.

Daga nan salla ta canza mini. Ba wai na koma fahimtar duk abin da liman ke karantawa ba, a'a, guntu-guntu ne. Sai in ji "iyyaka na'abudu" in lura an gabatar da wanda ake bauta wa a kan aikin bautar, wanda hakan ke nufin Kai kaɗai. Sai in ji ayar nan da ake maimaitawa sau 31 a Suratur Rahman in gane cewa "rabbikuma" da "tukazziban" magana ce da jinsi biyu, mutum da aljan, domin Larabci yana da siga ta musamman ga abu biyu, wadda Hausa ba ta da ita. Wani lokaci kuma, gaskiya, hankalina kan maƙale wajen neman fa'ili, wato mai aiki, a wata aya har liman ya yi ruku'u. Na kai wa Malam ƙorafin haka, ya ce wannan ciwo ne na ɗan lokaci, kowane ɗalibi yana yin sa.

Sarfu ya fi ba ni wuya. Nahawu yana duba ƙarshen kalma, shi kuwa sarfu cikinta yake shiga. Yawancin kalmomi suna komawa ga tushe mai haruffa uku, sai a zuba tushen a ma'aunai daban-daban, kamar yadda ake zuba narkakken ƙarfe a mazubi ya fito da siffar da ake so. Alima ya sani, allama ya koyar, ta'allama ya koya. Gafara ya yafe, istagfara ya nemi yafiya. Sai da na kama wannan sannan ƙamus ya yi mini amfani, saboda manyan ƙamusoshin Larabci a kan tushe aka jera su. Wanda bai iya tuɓe wa kalma ƙarin haruffanta ba, zai yi ta juya shafuka har asuba bai same ta ba.

Akwai masu raina tarjamar Alƙur'ani da zarar sun fara nahawu. Ni ban taɓa ajiye tawa ba. Malaman da suka yi wannan aiki sun wuce Alfiyyar Ibnu Malik, babban littafin nahawu mai baiti dubu, ni kuwa ko ƙare Ajurrumiyya ban yi ba a lokacin. Abin da ya sauya shi ne na fara ganin inda mai tarjama ya yi zaɓi tsakanin fuskoki biyu, in koma tafsiri in nemi dalilinsa.

Ba kowa ne a ajin ya ɗauki abin haka ba. Akwai wani matashi mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya fi mu duka saurin hadda. Wani dare ya zo da ayar alwala, aya ta 6 a Suratul Ma'ida, ya ce ya ji wani mai karatu ya karanta "wa arjulikum" da kisira, alhali mu "wa arjulakum" muka sani da fataha. Ya ce in dai da kisira ne, to ƙafafu sun bi hukuncin kai, shafa ce ba wanki ba, kuma shi daga yau shafa zai riƙa yi. Dattijon nan ya ce, "Kai yaro, bi a hankali." Malam ya rufe littafin da ke gabansa, ya ce duka ƙira'o'in biyu ingantattu ne, amma kowa ya zo gobe da wuri, kuma a taho da littafin hadisi.

Abin da ya faru washegari, da yadda matashin nan ya ɗauke ƙafa daga ajin na wani lokaci, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.