Yadda "Bugu da Ƙari" Ta Ja Mini Suna a Ƙauyenmu

Ni ne sakataren ƙungiyar manoman ƙauyenmu a yankin Auyo. Bayan ambaliyar 2022, dattawa suka sa ni rubuta takardar koke: ciyawar kachala ta toshe hanyar da ruwan fadamarmu ke bi ya faɗa kogin Haɗeja, a taimaka a yashe kafin damina.

Dare biyu na yi a kanta da fitilar waya. Sakin layi na farko gaisuwa. Na biyu na buɗe da "Muna godiya", kan takin da aka raba mana. Na uku "Haka kuma", godiyar rijiyar burtsatse. Na huɗu, inda kukanmu yake, na buɗe shi da "Bugu da ƙari". Tun ina sakandare nake son kalmar nan, tana cika baki.

Amsar da ta zo layi biyu ce, wai an ji daɗin godiyarmu. Damina ta sauka, ruwa ya kwanta a kan shinkafa.

Na kai wa tsohon malaminmu na Hausa kwafin. Bai ma karanta duka ba, yatsa ya ɗora a bakin kowane sakin layi yana faɗa da ƙarfi: "Bayan gaisuwa. Muna godiya. Haka kuma. Bugu da ƙari. To ɗana, ina kukan?"

Na ce, "Malam, ga shi nan a na huɗu."

Ya ce mai tulin takardu a gabansa bakin sakin layi kawai yake leƙawa. "Bugu da ƙari" kuwa ce masa take yi abin da ke tafe ɗan'uwan na baya ne, wato wata godiyar. Da "Sai dai" na sa, da ya san magana ta juya. "Saboda haka" kuma a ajiye ta sai an zo roƙo.

Abin da ke ci mini rai har yau, na san duk wannan, mun yi shi a darasin insha'i. Daɗin kalma ne ya ruɗe ni.

Takarda ta biyu ban nemi kalmar ado ba. Daga gaisuwa sai "Kachala ta toshe mana hanyar ruwa." Godiya na tura ta ƙarshe. Wannan karon an turo mutum ya duba.

Amma a majalisar ƙofar masallaci, har yanzu Malam Bugu-da-ƙari suke kirana.