Ranar da na rufe bakin abokin aikina

Ƙannena da ke shiga aikin motar ɗaukar marasa lafiya, musamman irin tamu da ba ta kunna jiniya, mai kai masu wankin ƙoda da masu gashin ciwon daji asibiti ta maido su gida: ku biyu ne kawai a motar nan. Likita yana nesa, shugaba yana ofis. Abin da idonka bai gani ba, sai dai idon abokin aikinka ya gani. Ni kuwa da hannuna na rufe wannan ido na biyu.

An haɗa ni da wani sabon yaro. A makonsa na farko, gaban 'yan uwan majiyyaci, ya ce, "Oga, ba ka ɗaure bel ɗin keken majiyyacin ba." Gaskiya ya faɗa. Amma kunya ta kama ni, na daka masa tsawa, na ce yaushe ya zo da zai koya mini aiki. Daga ranar ya yi gum. Har daɗi na ji, wai ya koyi ladabi.

Bayan 'yan makonni muka je ɗauko wani dattijo daga wankin ƙoda. Masu wannan jinya galibi sau uku suke zuwa a mako, su yi kamar awa huɗu a jikin na'ura. An zuƙe musu ruwa, jini kan sauka, jiri kan kwashe su idan suka miƙe da sauri. Kuma akwai hannun da likitoci suka haɗa jijiyoyi domin allurar wankin. Ba a auna jini a wannan hannu, ba a matsa shi, balle a ja mutum da shi. Na san duk wannan. Amma ofis na ta kira, wasu na jiranmu, sai na cafki hannun Baba na ɗaga shi. Wurin allura ya buɗe, jini ya jiƙe bandeji, Baba ya sulale a jikina. Allah Ya taimaka muna bakin ƙofar ɗakin, nas ta danne wurin har ya tsaya.

A mota na tambayi yaron ko ya ga hannun da na kama.

"Na gani, Oga."

"To me ya hana ka magana?"

Sai ya sunkuyar da kai. Amsar kuwa na san ta.

Daga baya, a wajen wani horo, aka ba mu labarin hatsarin tsibirin Tenerif na ƙasar Sifen a 1977, inda jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi, mutum 583 suka mutu. Injiniyan ɗaya jirgin ya tambaya ko ɗayan ya bar hanya, kyaftin, wanda babba ne da ake ji da shi, ya amsa da cewa ya bari, aka ci gaba da gudu. Irin wannan ne ya sa kamfanonin jirage suka fara koyar da cewa ƙarami yana da ikon tsayar da babba, daga baya ma'aikatan lafiya suka ara. Ina sauraro ina jin kamar da ni ake.

Yanzu duk wanda aka haɗa mu, tun kafin a tada mota nake ce masa: in ka ce "tsaya", zan tsaya, bayani ya biyo baya. Tare muke duba tukunyar oksijin da birkin gado. Wajen ɗagawa, wanda ke riƙe da ɓangaren kai shi ke ƙirga ɗaya, biyu, uku, ko da jiya ya fara aiki. Ƙashin bayanka bai san shekarunka a aiki ba, in aka ɗaga ba tare ba, zai ji rauni. Gyaran da zai iya jira kuma, sai mun sauke majiyyaci mun rage mu biyu.

Wani kuskuren nawa shi ne raina aikin da bakina. Wasu ma'aikatan motar gaggawa kan ce mu direbobin tasi ne, ni ma na ɗauka ina maimaitawa da sunan wasa. Ban lura ba, ashe yaran da ke tare da ni suna ji, gwiwarsu na sanyi. Mai jin kansa ɗan tasi ba zai tsaya ya duba ko leɓen majiyyaci ya sauya launi ba.

Sannan akwai abin da ba a faɗa muku a horo. Mutum ne ka ɗauka sau uku a mako har shekara biyu, ka san sunayen jikokinsa, ka san ramin titin da ke sa shi nishi. Wata safiya sai ka duba takardar aiki ka ga ba sunansa. Da can nakan wuce kawai in ce, "Sai na gaba." Ranar da sunan Baban nan ya ɓace, ni na kira ofis na tambaya, na faɗa wa yaron da kaina. Muka zauna a motar kamar minti biyar ba mu ce komai ba, sannan na miƙa masa makulli, ya tuƙa.