Mutanen Barga

Kawuna ya shafe kuruciyarsa yana aikin barga a Akra, tun lokacin da filin sukuwa yake tsakiyar gari, a wurin da babban otal yake tsaye yanzu, kafin a mayar da harkar can Borteyman. Tun kafin kiran sallar asuba yake barin unguwar Nima, ya kwashe kashin dawaki, ya jiƙa dusa da kanwa, ya goge kowane doki, sannan ya ɗaura sirdi ya fita da su motsa jiki. Da yake ba shi da jiki, sai aka riƙa ɗora shi a kan doki ranar gasa, kuma domin kada nauyinsa ya ƙaru yakan wuni da yunwa da ƙishirwa, abin da ya bar masa ciwon ciki har yau.

Ranar da doki ya kayar da shi ƙugunsa ya karye, likitan dabbobi aka fara kira ya duba ƙafar dokin. Shi kuwa abokan aikinsa ne suka yi karo-karo suka kai shi wurin mai ɗori. Maigidansa ya aiko da ɗan kuɗi sau ɗaya, daga nan shiru. Ba na cewa a rage kula da doki, domin dabba ce mai haƙƙi a kanmu, kuma kawu da kansa ba zai yarda da hakan ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, wanda yake kwana kusa da turke ba shi da ko takardar da za ta nuna cewa ma'aikaci ne.

A nan matsalar take. Ghana tana da dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki tun 1987, an kuma kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, amma wanda aka ɗauka aiki da baki kawai yana shan wuya kafin ya tabbatar da haƙƙinsa, kuma katin inshora ba ya ciyar da iyali a watannin jinya. A Ingila, bayan mahaya biyu sun shanye sakamakon faɗuwa, an kafa asusun taimakon mahayan da suka ji rauni a 1964, yana nan har yanzu.

Mu a zango mun san adashi, mun san zumunci, saboda haka ba sabon abu nake nema ba. Ina roƙon masu dawaki, har da masu ba da hayarsu a bakin tekun Labadi, su rubuta yarjejeniya da yaransu, su sabunta musu katin inshora kowace shekara, su yi musu rajista da hukumar fansho ta SSNIT, su kuma saya musu hular kwano. Ina roƙon sarakunan zango da limamai su sa baki. Kawu, wanda yanzu da sanda yake zuwa masallaci, ya ce mini idan aka kira taron, shi zai fara zuwa ya yi bayani.