Gyatsar da ba daga ciki take fitowa ba

Shekara biyu na yi ina shan maganin olsa, ashe cikina lafiyarsa ƙalau. Gyatsa ce ta sa ni gaba, kuma ba irin wadda mutum kan yi ya ce alhamdulillahi bayan ya ƙoshi ba. Tawa jerowa take yi, wata na bin wata, har na koma tsayawa a ƙarshen sahu don kunyar na kusa da ni. Na sha omeprazole, na sha jiƙon kanwa, na bar wake da yaji da lemon kwalba. Da azumi ma, ciki wayam tun asuba, tana nan daram.

Maiɗakina ce ta fara lura. Ta ce, "Malam, in ka yi barci fa ɗif take ɗaukewa." Ni ma da na duba, sai na ga ba ta zuwa in ina gaban allo ina koyarwa, sai na zauna shiru.

Da aka zura mini kyamara cikin tumbi ba a ga komai ba, likitan ya ce gyatsa iri biyu ce. Akwai iskar da ke tasowa daga tumbi, wannan kowa na yi. Akwai kuma wadda mutum ke zuƙowa cikin maƙoshi ya maido ta nan take, ba ta ko isa tumbin ba. Likitoci a ƙasar Holan ne suka bambance su a 2004, da wani siririn bututu mai nuna inda iska ta nufa, kuma can aka fara gwada tura masu ita wajen masu gyaran magana. Ni ma wajen wata mai gyaran magana ya tura ni.

Gaskiya raina ya sosu. Ni da magana ce sana'ata, a haɗa ni layi da yara masu i'ina?

Matar ba ta yi musu da ni ba. Fensir ta miƙo, ta ce in ɗan cije shi a kwance. Minti biyar muna kallon juna, ko ɗaya ba ta zo ba. Ta ce, "Ka gani, Malam? Baki a buɗe, zuƙo iskar na da wuya." Nan jikina ya yi sanyi. Yarda da cewa ni nake ƙirƙirar abin da kaina, ba da sanina ba, ta fi duk atisayen wahala.

Sauran aikin na numfashi ne. In kwanta rigingine, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a cibiya, in ja iska a hankali har na cibiyar ya ɗaga, na ƙirjin bai motsa ba. Daga kwance muka koma zaune, sannan tsaye. Ta kuma koya mini gane alamar zuwanta, wani ɗan matsi a ƙasan maƙogwaro. Da na ji shi, sai in saki kafaɗu, in ɗan buɗe baki, harshe a bayan haƙoran sama, in mai da numfashi ciki.

Makon farko har ƙaruwa ta yi, don hankalina duk yana kanta. Wajen wata biyu sai da maiɗakina ta tuna mini cewa yini guda ba ta ji ba.

Ba ta tafi gaba ɗaya ba. Lokacin makin jarrabawa, in takardu suka taru, takan leƙo. Fensirin yana aljihun gaban rigata, duk shatin haƙori a jikinsa.