Zaman Maraɗi Bayan Mun Ajiye Aikin Bishara

Mai bishara da ya daɗe a wata ƙasa yakan ɗauka ya san ƙasar, alhali abin da ya sani shi ne aikinsa a cikinta. Ni da uwargida mun ga bambancin ne bayan an yi mana sujadar bankwana, muka kwashe kayanmu daga gidan mishan, muka kama haya a unguwar Zariya ta Maraɗi. Mu mutanen ƙasar Malumfashi ne. Ikilisiyarmu ce ta aiko mu Nijar tun muna da sauran ƙarfi, da lokacin ritaya ya yi kuma muka zaɓi mu zauna.

Na san wani zai yi dariya ya ce yaushe Maraɗi ta zama ƙasar waje ga Bakatsine. Yana da hujja. Sarakunan Katsina da suka bar birni bayan jihadi su ne suka kafa sarautar nan, har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake cewa, kuma daga Jibiya in ka tsallaka Ɗan Isa ka kusa isowa. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya. Amma gwamnati daban, kuɗi daban, takarda daban, kuma waɗannan ukun su ne suke kama tsoho.

Muna bakin aiki, ofishin mishan ne yake ɗauke mana duk wata hulɗa da hukuma. Takardun zama, kuɗin ruwa da wuta, lasin babur, akwai mai bi. Faransancina bai wuce na gaisuwa ba, domin wa'azi da Hausa nake yi, ƙauyukan da nake zagayawa ma ba mai buƙatar wani harshe. Yanzu in takarda ta zo, sai na jira ɗan maƙwabcinmu ya taso daga makaranta ya karanta mini. Yaron bai kai shekarun jikana na fari ba, amma yakan gyara zama ya ce, "Baba Fasto, nan za ka sa hannu, ban da nan." Sai in sa.

Batun kuɗi ne ya fi ba mu wuya, kuma duk mai shirin yin ritaya a ƙetare ya zauna ya yi wannan lissafin tun da wuri. Ɗan abin da ake turo mana, da wanda 'ya'ya suke ƙarawa, da naira yake zuwa. Haya, magani da cefane kuwa da sefa ake biya. Ita sefa an ɗaure ta da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira ce take motsi, kuma ƙasa take yi. A 2014 jikar sefa, wato sefa 1,000, ba ta kai naira 400 ba. A 2024 ta haura naira 2,000. Ba wanda ya rage mana ko kwabo, amma abin da yake isa hannunmu daga wurin ɗan canji ya narke. Ana cikin haka sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, 2023. Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A watannin nan mun zama mutanen ƙasar da ta kashe wa maƙwabtanmu fitila, muna zaune cikin duhu tare da su. Ba wanda ya taɓa faɗa mana baƙar magana a kai, amma in ana hirar a bakin masallacin unguwa na zo wucewa, nakan ji an sassauta murya.

A lokacin ne Alhajin da ke gaba da gidanmu, mai sayar da hatsi, ya sa yaransa suka shigo da rabin buhun gero. Na fita da niyyar in ce a rubuta bashi. Ya ce, "Haba Malam, yaushe muka fara haka da kai? Ka kai wa Mama." Ya juya ya ci gaba da awo. Na sha yin wa'azi a kan Ayyukan Manzanni 20:35, inda aka ce bayarwa ta fi karɓa albarka, amma a makarantar Littafi Mai Tsarki ba a koya mana yadda ake karɓa ba. Duk tsawon aikinmu ƙofarmu ake bugawa: mai neman maganin zazzaɓi, mai neman iri, mai son a rubuta masa wasiƙa zuwa asibitin Galmi. Wanda ya saba hannunsa yana sama yakan ɗauka zumunci yake yi da mutane, ga shi kuwa rabinsa kawai yake yi. Sai da na ci geron Alhaji aka fara aiko mini goron ɗaurin aure ba don girmama baƙo ba, sai don ana sa ran in zo in zauna a tabarma tun farko har a shafa. A ƙasar da kusan kashi 99 cikin 100 Musulmi ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tsohon fasto.

Uwargida ba ta sha wannan wahalar ba. Ita dama ba muƙami ne ya haɗa ta da mata ba. Suna, biki, zaman makoki, adashi, aron turmi, duk tana ciki tun zuwanmu, kuma ritaya ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ni ne na wayi gari ba inda ake jirana.

Majami'a ta fi kasuwa wuyar sabo. Turawan ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) sun fara aiki a Damagaram a 1924, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, kuma al'adarsu in mutum ya tsufa ya koma gida. Har unguwa guda suke da ita ta tsofaffinsu a Sebring, jihar Fulorida ta Amurka. Da ina ganin tafiyar nan tasu kamar yanke zumunci. Yanzu na ga amfaninta: wanda ya gaje ka yakan sami sarari. Mu da muka zauna, dole mu bar aikin alhali muna zaune a benci na biyu kowace Lahadi. Faston da ke riƙe da ikilisiyar yanzu, ni na yi masa baftisma. Yana da nasa salon, yana tsawaita waƙa ya gajarta wa'azi, ni kuma da akasin haka na saba. Mutane sukan zagayo gidana da yamma, a fara da gaisuwa, a gangaro kan kuɗin baikon da ake tarawa a majami'a ko rikicin zumuntar mata, ana so in ce wani abu a kai wa dattawa a ce Baba ma ya faɗa. Nakan ba su ruwa, in ce su je wurin fasto. Wasu sun ji haushi sun daina zuwa. Shi kuwa ya fara zuwa da kansa, yana tambayar abin da yake so ya tambaya, ni ma ba na wuce abin da ya tambaya.

'Ya'yanmu suna Jos da Kaduna, kuma kowace Kirsimeti sai sun tayar da zancen mu dawo. Suna da gaskiya ta wajen lafiya. Hawan jini ba ya jiran a buɗe iyaka, kuma tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 hankalinsu bai kwanta ba. Sai dai gidan da suke cewa mu koma, kowa ya bar gida gida ya bar shi. An raba gonar gado tuntuni, sa'o'ina yawancinsu sun riga mu, yaran garin kuma mutanen Nijar suke ce mana. A can sai an yi wa matasa bayanin ko ni wane ne. A nan mai kabu-kabu ya san ƙofar gidana ba sai na kwatanta ba.

Abin da muka tsayar da su shi ne, muddin ɗayanmu yana iya kai ɗaya asibiti, muna nan. Ranar da hakan ya gagara, su zo da mota. Na kuma sa an rubuta, da Hausa da Faransanci, cewa duk wanda ya riga wani a cikinmu a binne shi inda ya cika, kada a wahalar da kowa da neman takardar tsallaka gawa. Babban ɗanmu bai so ba, amma ya sa hannu, fasto da Alhaji suka zama shaidu.