Tayil ɗin da na sa wa banɗakin Hajiya

Ƙannena, duk wanda ya ɗaura niyyar sa wa banɗakin gida tayil da hannunsa don ya rage kuɗin aiki, ba zan hana shi ba. Amma ya fara jin yadda tawa ta kaya.

Banɗakin Hajiyarmu ne, ɗan ƙarami, mita 2 a mita ɗaya da rabi. Simintin ƙasan ya zaizaye, na ce kafin azumi sai na gyara shi. Na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, idona ya faɗa kan wani farin tayil mai sheƙi, babba, santimita 60 kowane gefe. Mai shagon ya ce, "Alhaji, falo ne ko banɗaki?" Da na gaya masa, sai ya ce in ɗauki ƙarami mai kaushi. Na zaci kwantai yake son liƙa mini. Na biya kuɗin mai sheƙin na fito.

Babbar ɓarnar a gangara na yi ta. Na kwaɓa siminti da yashi, na baje shi sumul kamar na falo, ina ɗora ma'aunin magina mai kumfa a ciki ina murna kumfar ta tsaya a tsakiya cak. Ashe a banɗaki tsayawar kumfar nan a tsakiya ita ce shaidar an ɓata aiki. Dole ƙasa ta karkata zuwa bakin magudana, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Ido ba ya ganinta, ƙafa ma ba ta ji, amma ruwa ya san da ita. Ga shi babban tayil ba ya bin gangara a ƙaramin wuri, sai ya tsaya ƙiƙam kamar faranti. Na kuma fara jerawa daga bakin ƙofa don mai shigowa ya ga kyau, ina isa magudana sai ta zama ita ce tudu.

Wankan farko ruwa ya taru a bayan ƙofa ya kwanta. Daga ranar duk wanda ya yi wanka sai ya bi da tsintsiya yana kora ruwa. Yaran gida ba su ce mini uffan ba, amma ina jin ƙus-ƙus ɗinsu. Ba a jima ba gansakuka ta fito, sauro ya samu gida.

Duk wannan na daure, har wata asuba Hajiya ta shiga da buta, santsi ya kwashe ta. Allah ya taƙaita, ta kama ƙofa, amma wuyan hannunta ya kwana biyu a kumbure. Cewa kawai ta yi, "Sannu da aiki." Da ma zagina ta yi.

A ranar na kira mai sa tayil. Ya tsuguna yana ƙwanƙwasa su da ƙotar guduma ɗaya bayan ɗaya, rabinsu na amsawa kamar ganga. Ɗigo-ɗigon siminti na yi musu a ƙasa, tsakiya duk rami. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ba ya gyaruwa, sai dai a fasa."

Na zauna a kan bulo ina kallonsa, kuma abin da na gani ke nan nake so ku riƙe. Daga magudana ya fara, ya ja zare zuwa kowace kusurwa ya fitar da gangara. Da daɓen ya sha iska ya sheƙa bokitin ruwa, muka ga ya bi hanyarsa har ɗigon ƙarshe, sannan ya taɓa tayil. Mai santimita 30 ya sa, mai kaushi, ya jiƙa shi a baho tukuna don kada ya zuƙe ruwan siminti. Kowanne ya cika masa ƙasa taf, ya bar 'yar tazara tsakani, washegari ya cike da farin siminti. Ya hana kowa takawa sai bayan kwana guda. Ya kuma sa na ƙaro kamar ɗaya bisa goma a kan lissafi, saboda yanka da fashewa, domin in ka koma kasuwa daga baya da wuya ka samu launi iri ɗaya.

Guda uku suka rage cikin farin mai sheƙin. Suna bayan kicin, Hajiya na sauke tukunya a kai.