Wahalar tara bayanai ba ta ba ka haƙƙin mallaka: shari'ar Feist

Duk mai harkar rumbun bayanai ya kamata ya san hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1991 tsakanin Feist Publications da Rural Telephone, wani kamfanin waya na jihar Kansas.

Rural na buga kundin lambobin masu waya na yankinsa. Feist kuma na haɗa babban kundi da ya game yankuna 11, ya nemi izinin amfani da lambobin wurin kamfanonin waya na yankunan, kowa ya yarda sai Rural. Duk da haka Feist ya kwafa daga kundin Rural. An kama shi ne saboda Rural ya cusa sunayen bogi a cikin kundin, huɗu daga ciki suka fito a na Feist, cikin sunaye 1,309 da suka zo iri ɗaya sak. Ƙananan kotuna suka ba Rural gaskiya.

Kotun Ƙoli ta soke wannan. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta bayyana cewa sunan mutum da garinsa da lambar wayarsa ba wanda ya ƙirƙire su, samun su aka yi. Abin da doka ke karewa shi ne basirar da aka sa wajen zaɓe da jerawa, ko da 'yar kaɗan ce. Jera sunaye bisa haruffa kuwa, kowane kundin waya haka yake yi. Ina ganin kotun ta yi daidai, duk da na san zafin abin ga wanda ya kashe kuɗi ya tara.

Wurin da mutane ke ruɗewa ke nan. Sunayen tarko suna tabbatar da an kwafa, amma ba sa tabbatar da cewa abin da aka kwafa naka ne a doka. Saboda haka masu sayar da bayanai a Amurka suka fi dogaro da yarjejeniya: mai amfani ya amince da sharuɗɗa kafin ya shiga, a ba kowa lambar sirrinsa, a ƙayyade yawan abin da zai iya saukewa. Rauninta shi ne tana ɗaure wanda ya amince da ita kaɗai.

Tarayyar Turai ta bi wata hanya a 1996, ta ba mai rumbu kariya ta shekara 15 in ya zuba jari mai yawa wajen samo bayanan, tantance su ko gabatar da su. Ita ma kotun Turai ta taƙaita ta a 2004, a shari'ar hukumar sukuwar dawakin Birtaniya da kamfanin caca na William Hill: kuɗin da aka kashe wajen ƙirƙirar jadawalin tsere ba ya shiga lissafi, sai na tattaro bayanan da suke nan tun da.